Yadda Ake Juyar da Tsohon Kaset Zuwa Memori Ba Tare da An Kashe Amon Kiɗa Ba

Duk ranar Juma'a, idan 'yan kasuwar Wudil suka dawo da yamma, rumfar cajin wayata takan cika, kuma da wuya a watse ba a taɓo musun nan ba. Samari su ce tsofaffin waƙoƙin da aka wanke a kwamfuta sun fi daɗin ji, fes, babu shuu. Dattawa su ce an zare musu rai. Na daɗe ina juyar da kaset zuwa memori, kuma ina bayan dattawa. Kaset ba shi da wani sirri, masu juyarwar ne ke ɓata aikin, kuma na san wuraren da suke ɓatawa domin ni ma na faɗa cikinsu.

Kafin komai, ɗauki kaset ɗin ka karya kunnuwan nan biyu da ke samansa, don kada hannunka ya kuskure ya danna jan maɓalli ka goge abin da ba shi da na biyu. Leƙa tsakiya inda zare ke wucewa, akwai wani ɗan soso a ƙarƙashinsa mai danna zaren a jikin hed, wato kan rakoda da ke karanto sauti daga zare. Idan ya faɗi, murya za ta fito a dushe, sai ka ciro na wani kaset marar amfani ka manna. Sannan ka tura zaren har ƙarshe ka dawo da shi, domin kaset ɗin da ya kwana shekara talatin a adaka, yana shan zafin bazara da ƙurar hunturu, zarensa yakan manne. Idan C120 ne, wato kaset mai minti 120, ka bi shi a hankali da biro, zarensa siriri ne, rakoda na saurin taunawa.

Sai rakoda. Jiƙa auduga da sifirit ka goge hed, da ɗan ƙarfen da ke jan zare, da robar da ke matse shi, har audugar ta daina yin ja. Zaren kaset yana tafiyar santimita 4.76 a daƙiƙa, haka kamfanin Philips ya tsara shi tun 1963, kuma da ya ragu kaɗan za ka ji mawaƙi yana jan murya kamar mai jin barci. Sakakken bel ne ke jawo haka, ko batir ya yi sanyi. Bel ba shi da tsada, kowane mai gyaran rediyo zai sa maka. Batir kuwa sabo nake sawa, ba na aikin nan da janareto ko kaɗan, domin wutarsa na shigo da wani gurnani da za ka ji a ƙarƙashin waƙa daga farko har ƙarshe. Cajar kwamfuta ma cire ta lokacin ɗauka.

Kada ka ajiye waya a gaban sifika ka ce kana ɗauka. Carar zakara da ƙarar babur da amsa-kuwwar ɗaki duk za su shiga. Ja igiya daga ramin iyafis na rakoda zuwa kwamfuta. Yawancin ƙananan kwamfutoci ramin makirufo kaɗai gare su, shi kuwa yana fasa murya, don haka nemi ɗan akwatin sauti na USB mai ramin shigar da layi. In ka shiga Kano, duba wajen masu kayan sauti a Sabon Gari.

Ga abin da kusan kowa ke tsallakewa. A gefen hed akwai wani ɗan sukuru mai sifirin a ƙasa, shi ke daidaita tsayuwar hed a kan zare. Kowane kaset an ɗauke shi ne da wata na'ura daban, musamman waɗanda aka yi ta kwafa a kasuwa, don haka hed ɗinka ba lallai ya dace da layin da aka rubuta ba. Sa iyafis, kunna waƙa, ka juya sukurun kaɗan, bai kai kwata ba, dama ko hagu. Akwai inda za ka ji kamar an buɗe taga: tafin 'yan amshi ya fito, bakin kalangu ya yi kaifi. Tsaya nan. Kowane kaset sai ka sake, har kowane gefe. Wannan ɗan juyin ya fi duk abin da kwamfuta za ta yi maka daga baya.

Buɗe Audacity, manhajar ɗaukar sauti a kwamfuta, kyauta ce. Nemo inda kiɗa ya fi ƙarfi, ka saita ƙara yadda ma'aunin ba zai wuce -6 ba. In ya taɓa 0 murya ta fashe, kuma ba ta gyaruwa. Fara ɗauka tun kafin waƙa ta soma. Da ka gama, adana shi a WAV, wato fayil ɗin sauti da ba a matse ba, ka zaɓi 44,100 da bit 16, ka rubuta masa suna "asali". Minti ɗaya na cin kimanin MB 10, ke nan memori mai GB 32 zai ɗauki kaset C60, mai minti 60, kusan 50. Kada ka yi rowar wuri a nan.

Yanzu maganar shuu, inda na yi ɓarnar da har yau take ci mini rai. Wani dattijo ya kawo mini kaset na ranar da aka naɗa mahaifinsa dagaci, da kiɗan kotso da kirarin maroƙan garinsu. Ina ɗokin in burge shi, na shiga wurin rage hayaniya na kai shi wajen 24, na maimaita sau biyu, har shiru tsakanin baiti ya zama kamar na kabari. A sifikar wayata na ji ya yi kyau. Na goge asalin don wuri ya ƙare mini. Da ya zo na kunna masa a babbar sifika, ya saurara, can ya ce, "Ɗan nan, ina mutanen suka tafi?" Na ce, "Baba, waɗanne mutane?" Ya ce guɗar mata, da hayaniyar fada, da wani tari da mahaifinsa ya yi kafin ya yi magana. Duk sun tafi tare da shuu ɗin. Kotson kuma ya koma kamar ana kaɗa shi a cikin randa. Na roƙe shi ya dawo da kaset in sake, ashe jikokinsa sun riga sun zare shi suna wasa.

Dalilin shi ne kwamfuta ba ta san waƙa ba. Kana nuna mata wurin da babu kiɗa, ta ɗauki siffar shuu ɗin, sannan ta bi duk waƙar tana danne kowane sauti marar ƙarfi da ya yi kama da shi. Wutsiyar amon ganga, numfashin mawaƙi, kacau-kacau, muryoyin nesa, a nan suke zaune. Don haka idan dole sai ka rage, yi a kan kwafi, zaɓi daƙiƙa biyu na shuu zalla daga farkon zare, kada ka wuce 6, sau ɗaya tak. Akwai maɓallin da ke jiyar da kai abin da za a cire kawai. In ka ji kiɗa ko murya a ciki, ka yi yawa. Ni yanzu kaset ɗin da shuu ɗinsa bai rufe magana ba, ba na taɓa shi. Bayan minti ɗaya kunne yana mantawa da shi.

Sauran mai sauƙi ne. Yanka waƙa-waƙa, fitar da MP3 a 192 ko sama don waya. In za ka tura a WhatsApp, tura shi a matsayin fayil, kada ka sake ɗaukarsa da saƙon murya.

In musu ya tashi a rumfa, ga yadda nake raba shi. Na farko, daidaita ƙarar biyun, asalin da wanda aka wanke, domin wanda ya fi ƙara ko da kaɗan ne, shi kunne ke zaɓa, kuma yawancin waɗanda ake cewa an gyara ƙara kawai aka ɗaga musu. Mai saurare ya juya baya, wani ya jefa kwabo ya kunna ɗaya daga ciki, wuri guda na daƙiƙa ashirin, sau goma. Wanda ya gane biyar, sa'a ce. Sai ya gane tara nake yarda yana jin bambanci, sannan in tambaye shi wanne ya fi so. A sifika mai kyau za a yi, ko iyafis, ban da bakin waya.