Yadda za ku kare kwamfutocin asibiti daga masu kutse

Masu kutse suna son asibiti saboda ba wajen da ake cewa a bari sai gobe ba ne, in suka kulle fayil ɗin majinyata likita ba zai ga sakamakon gwajin jini ba, ba zai san maganin da aka ba mutum jiya ba, nan da nan sai a fara maganar biyan kuɗin fansa.

Ku fara da sabunta manhaja, don Allah a daina danna "anjima" in kwamfuta ta nemi a sabunta ta. Harin WannaCry, wata manhajar kulle fayil don neman kuɗin fansa, na watan Mayun 2017 ta wata kafa a Windows ya shiga, alhali Microsoft ya fitar da gyaranta tun Maris, asibitocin gwamnati na NHS da yawa a Ingila basu saka ba, sai da aka soke ganin likita wajen 19,000. Matsalar ita ce akwai injina irin na MRI mai ɗaukar hoton cikin jiki da ke tafiya da tsohuwar Windows wadda ba a iya taɓawa sai da yardar kamfanin, to su kam a ware musu netwok nasu daban, babu intanet, kuma kada wani ya soka musu filash ɗinsa wai zai kwafi hoto.

Kowane ma'aikaci da nasa akawun, ba fasuwod ɗaya a manne jikin allo duk masu shif suna amfani da shi ba. A kuma kunna tantancewa mataki biyu, wato bayan fasuwod sai an ƙara wata shaida kamar lambar da ke zuwa a waya, musamman ga masu shiga daga gida. Rashin wannan ne ya buɗe ƙofar Change Healthcare, kamfanin da ke sarrafa biyan kuɗin magani a Amurka, a Fabrairun 2024, kamfanin ya biya fansar dala miliyan 22.

Imel ma a kula, hukumar lafiyar Ayaland a 2021 fayil ɗin Excel ɗaya da ya zo ta imel aka buɗe, ɓarayin suka yi wajen sati takwas a cikin netwok ɗin hukumar ba wanda ya kore su kafin su kulle komai.

Bakof, wato kwafin fayil da ake ajiyewa don ko-ta-kwana, a ajiye ɗaya wanda baya jone da netwok, a riƙa gwada dawo da shi, don wani bakof ɗin suna ne kawai. In an yi muku kutse ku zare wayar netwok, ku kira masu kula da kwamfutocin, a koma fom na takarda da kuka riga kuka buga kuka ajiye a kowane ɗakin jinya.