Yadda Za Ka Ceto Waƙoƙin Wasan Daɓen Da Aka Manta

Akwai wani wasan daɓe da dare biyu kacal ya yi a Kaduna, kujeru wayam, amma har yau waƙar amaryar da ke cikinsa ba ta bar bakina ba.

In kai ma kana da irin wannan, fara cigiyar kaset ɗin wasan wurin 'yan wasan, ko masu tsofaffin kaya a Kasuwar Barci. Kada ka yi gaggawar kunnawa. Zura biro a ramin, ka juya zaren a hankali har ya saki. Goge kan rakodar da auduga da sifirit. Sai ka jona da kwamfuta ka naɗa da Audacity, manhajar naɗar sauti, kyauta ce.

Inda sauti ya dushe, tambayi 'yan amshi. Wata baba a Tudun Wada ta cike mini baiti biyu, tana tafi, idonta cike da ƙwalla.