Yadda Zaka Saita Fokas a Filin Dambe da Daddare

In ka taɓa ɗaukar dambe da daddare ka san wahalar, fitila ɗaya ce ko biyu a filin ga ƙura, sai otofokas, wato fokas ɗin da kyamara ke saitawa da kanta, ya yi ta kai da komowa yana lalube har a yi kisa baka ɗau komai ba. Kyamara na buƙatar bambancin haske da duhu kafin ta kama abu, in babu shi sai ta rikice.

Ni dai lens 50mm f/1.8 nake ɗaurawa, saurin shata a 1/500 na daƙiƙa, ISO, wato ƙarfin jin hasken kyamara, wajen 3200. In hasken da ɗan dama ka bar oto, amma ka sa AF-C, wato fokas mai bin abu in yana motsi, a Canon sunansa AI Servo, ka zaɓi ɗigon fokas na tsakiya kawai ka ɗora shi kan ƙirjin ɗan damben.

In duhu ya yi yawa kuwa, tun makaɗa na zuga ka saita fokas kan inda za a haɗu, ka mayar da maɓallin zuwa MF, wato fokas na hannu, kar ka matsa daga wurinka, ka jira su shigo. Ka ɗan rufe kafar hasken lens zuwa f/2.8 don a f/1.8 taku ɗaya ma ya isa hoton ya dishe. Sannan ka danna a jere kar kayi rowa, wasu dole su lalace.