Kurakuran da muke yi in za mu karanta sabbin bede na su Batman da Spider-Man

Tambayar da ta fi yawo a fada nan Yamai duk lokacin da wani filim na jarumai ya fito ita ce, wai sabbin bede ɗin da ake bugawa yanzu, wato littattafan labari na zane, sun kai a kashe musu kuɗi da mega ko kallon filim ya wadatar. Ni dai a ganina wasu sun kai har sun wuce, da yawa kuma ba su kai ba, amma abin da ke damuna shi ne yawancin waɗanda sunka gwada sunka ce babu daɗi ta ƙofar da ba daidai ba sunka shiga, sai su yanke ma abin hukunci gaba ɗaya, alhali akwai aiki mai kyau sosai da ake yi cikin shekarun ga.

Na farko shi ne tsoron tarihi. Mutum ya ji an ce Superman tun 1938 yake, Batman 1939, Spider-Man 1962, sai ya ce to ni ina zan fara, dole sai na karanta na baya duka kafin in gane na yanzu. Babu wanda ya karanta duka, ko waɗanda ke rubuta su. Ka bar wannan tunani. Amma akwai kishiyarshi da ya fi kama mutane, wato ka ga an rubuta lamba 1 ƙato a bango ka ɗauka nan ne mafari. Kamfanonin da ke buga su, DC mai su Batman da Superman da Marvel mai su Spider-Man, musamman Marvel, suna maida lamba baya don sun san lamba 1 ta fi saida kanta. Amazing Spider-Man kaɗai an sake mishi lamba 1 a 2014, an sake a 2015, da 2018, da 2022, sannan 2025, kuma duk labari guda ne ke ci gaba, tsoffin rigingimu da tsoffin mutane suna nan ba a sake gabatar maka da su ba. Sai ka samu kanka kamar wanda ya iso fada ana shayi na uku, kowa na dariya kai kana tambayar wa ya ce mi. Gyaran mai sauƙi ne, kafin ka saya ko ka sauke ka bincika abu guda, shin sabuwar duniya ce aka buɗe daga tushe ko tsohon labari ne aka canza ma lamba.

Kuma an yi sa'a yanzu akwai sabbin duniyoyi biyu da aka yi su musamman don wanda bai san komai ba. DC ta buɗe tata a watan Oktoba 2024, ana kiranta Absolute, kuma in mutum zai karanta guda ɗaya tak cikin sabbin nan to ya ɗauki Absolute Batman na Scott Snyder da mai zane Nick Dragotta. Wanga Bruce Wayne, wato Batman ɗin kanshi, ba ɗan masu kuɗi ba ne, babu ƙaton gida babu mai yi mishi hidima, ubanshi malamin makaranta ne da aka harbe lokacin da ya kai ɗalibai gidan namun daji, uwarshi Martha tana raye, shi kuma injiniya ne mai aiki ma birni, ya san kowane rami da kowace gada ta Gotham don da hannunshi ya yi aiki a kansu. Waɗanda muka saba gani a matsayin maƙiyanshi, su Harvey Dent da Oswald da Waylon, nan abokan tasowarshi ne na unguwa. Ga shi ƙato, alamar jemagen da ke ƙirjinshi ma cire ta yake ya maida ta gatari, motarshi kuma irin manyan motocin aikin gini ce. Abin da ya sa nake son shi ba girman jiki ba ne, shi ne a karon farko Batman na ƙasa yana faɗa da na sama, kuma ka ji nauyin abin a kowane shafi. Absolute Wonder Woman na Kelly Thompson ma ya yi kyau ƙwarai, zanen Hayden Sherman kaɗai ya isa ka zauna kana kallo. Na Superman ya fi tafiya a hankali, sai mai haƙuri.

Marvel kuma tana da Ultimate. Ultimate Spider-Man na Jonathan Hickman da Marco Checchetto ya fara a Janairu 2024, kuma nan Peter Parker magidanci ne, ya auri Mary Jane suna da ɗiya biyu, gizo-gizon bai cije shi yana yaro ba sai da ya girma ƙarfin ya zo mishi, kawunshi Ben yana raye yana aikin jarida tare da abokinshi Jameson. Rabin daɗin littafin hirar gida ce, cin abinci tare, mutum na tunanin in na fita faɗa na mutu wa zai riƙe iyalina. Duk wanda ke da nauyin gida a kanshi zai gane wannan nan take. Sai dai fa a kula, akwai wani tsohon Ultimate Spider-Man na shekarar 2000, na Brian Michael Bendis, suna ɗaya amma labari dabam, don haka duba sunan marubuci da shekara kafin ka ba da kuɗi.

Wannan ya kawo ni ga kuskuren da nake ganin ya fi kowane girma, bin sunan jarumi maimakon bin wanda ya rubuta da wanda ya zana. Mu nan mun saba cewa ni ɗan Batman ne ko ni ɗan Black Panther ne, sai duk abin da aka liƙa ma sunan mu ruga. To Batman ba mutum ɗaya ke rubuta shi ba, a wata guda ana iya fitar da littattafai da yawa masu sunanshi kuma kowane da nashi marubuci, wani gwani wani kuma cika shafi kawai yake. In ka karanta wani abu ya yi maka daɗi, juya bango ka riƙe sunayen biyu na farko, ka nemi sauran aikinsu ko da a kan jarumin da ba ka taɓa ji ba ne. In kuma ka ga an canza marubuci a tsakiyar tafiya, kana da damar tsayawa nan, ba a ɗaura maka aure da littafin ba.

Sai maganar kuɗi, wadda ita ce ta fi shafarmu. A Amurka kowane wata ake fitar da ɗan siririn littafi, shafi ashirin da ɗan wani abu na labari, dala 4 ko 5 na Amurka, wato ya tasam ma jika uku tun ba a yi maganar kawo shi Nijar ba, kuma cikin minti goma ka gama, labarin ko rabi bai kai ba don yanzu marubuta suna tsara labari ne a kan lamba biyar ko shida. Wanda ya karanta guda ɗaya ya ce babu komai ciki gaskiya ya faɗa, amma ba a yi shi don a karanta shi kaɗai ba. Ka jira a haɗa su cikin tom guda. Ga mu da muka yi lakol da Faransanci abin ya ma fi sauƙi, Urban Comics ce ke buga na DC da Faransanci tun 2012, Panini Comics kuma na Marvel, kuma mafi yawa a haɗe suke fitowa, sai dai a jira ƴan watanni bayan na Ingilishi. Lissafin ba wuya tunda yuro ɗaya sefa 656 ne kullum, littafin yuro 15 ya kama kusan jika goma. Akwai kuma ƙananan bugu masu araha, Urban na da wanda take kira Nomad, DC na da Compact Comics tun 2024 a dala 9.99, amma su tsoffin labarai ne fitattu ake sake bugawa, ba sabbi ba. Ba laifi ba ne, ga mai farawa sau da yawa sun fi sabon ma.

In za ka yi saƙo ga wani ɗan uwa mai zuwa daga Faransa ko Abijan ko Legas, don Allah kar ka ce mishi kawai ka sawo mini Batman. Zai shiga liburari ya ga kanta cike, ya ɗauko wanda bangonshi ya fi kyau, ya zo maka da tom na 4 na labarin da ba ka da farkonshi. Tura mishi hoton bangon, da sunan marubuci, da lambar tom. Haka ma wajen masu shimfiɗa littattafai a ƙasa gefen kasuwa, wani lokaci ana dacewa da bede mai kyau cikin tarin littattafan lakol, amma ka duba gefen littafin ka ga lamba nawa ce, ka duba baya ko shafin farko inda ake rubuta waɗanne lambobi aka haɗa ciki, sannan ka buɗe tsakiya ka tabbata babu shafin da ya fita.

Wani abin da ke cinye kuɗin mutane shi ne manyan gamayya, wato labarin da ake haɗa jarumai da yawa cikinshi, da ake yi ma talla kusan kowace shekara, a ce komai zai canza, wani jarumi zai mutu. An kashe Superman a ƙarshen 1992 ya dawo a 1993. An kashe Captain America a 2007 ya dawo a 2009. Kuma gamayyar nan tana zuwa da ƙananan littattafai barkatai a gefe da ake sa ka ji kamar dole ne. Ba dole ba ne. In kana so ka karanta babban labarin kaɗai, sauran ka bar su.

Akwai kuma masu saye don ajiya, sun ji an saida Action Comics lamba 1, littafin da Superman ya fara fitowa ciki, a dala miliyan 6 na Amurka a 2024 sai su ce bari in ɓoye nawa cikin leda. Wancan ya yi tsada ne don tun 1938 yake kuma kaɗan sunka rage a duniya, yara sun karanta sun yaga an zubar da sauran. Na yanzu dubbai ake bugawa kowa na ajiyewa, har da bango iri-iri a kan littafi guda don a sa ka saya sau biyu. Irin wannan zarin ne ya kumbura kasuwar a farkon shekarun 1990 ta zo ta fashe, har Marvel ta shiga fatara a 1996. Balle nan da ƙura da zafi da gara.

Yanzu yadda ake karatun kanshi. Da yawa suna bin rubutun da ke cikin kumfa kawai suna tsallake zane, musamman a waya inda komai ƙanana ne, ka ga yaro yana ja da yatsa da sauri kamar yana duba Facebook, minti biyar ya ce ya gama. A bede rabin labarin ba a faɗinshi, a fuska yake, a hannun da ke rawa, a akwatin da babu magana ko ɗaya. Dragotta yakan cika shafi da ƙananan akwatuna don ka ji saurin faɗa sannan ya buɗe maka shafi biyu gaba ɗaya da hoto guda, in a waya kake ba ka juya ta a kwance ba ka rasa abin. Ka dinga kallon shafin duka tukuna sannan ka shiga akwati-akwati, in da hali a kwamfuta ko tablet. Waɗanda sunka taso da manga kuma su tuna nan daga hagu zuwa dama ake bi. Su kuma PDF ɗin da ke yawo a gurup, na san halin da ake ciki, amma sau da yawa hoton ya dushe, fassarar inji ce, shafuka a hargitse, sannan wanda ya kwana yana zane bai samu ko dala ba. Marvel na da manhajar biyan wata, Marvel Unlimited, sabbin lambobi na shiga bayan wata uku. In ba hali, ku haɗa kuɗi ku huɗu ko biyar a fada ku sayi tom guda yana zagayawa.

Iyaye da yayye, ku kuma kar ku ga zane ku ce na yara ne. Absolute Batman akwai jini da sare hannu a ciki, ba na ɗan firamare ba ne. Ku buɗe ku duba da kanku kafin ku miƙa ma ƙane.

Abin da ke ba ni takaici kuma shi ne yadda muke tsallake namu na Afirka kamar babu su. A Legas akwai Comic Republic da Jide Martin ya kafa a 2013, su ne masu Guardian Prime, kuma da saka littattafansu kyauta a intanet sunka yi suna. Roye Okupe ya yi Malika, sarauniya mayaƙiya da ya ɗauko daga tarihin Amina ta Zazzau, ya yi Iyanu wadda aka maida katun a 2025, kuma kamfanin Dark Horse na Amurka ke buga littattafanshi. Ba duka ne sunka kai na Amurka gogewa ba, wani wuri labarin na gaggawa, amma ka ga doki da rawani da ganuwa an zana su da mutunci wani abu ne dabam. Mu da Moustapha Alassane ya fito cikinmu, marigayin da ya yi ta yin filim na zane tun shekarun 1960 kuma ya yi zamanshi a Tawa, bai kamata zane ya zama baƙon abu gare mu ba. Malika da Ingilishi yake, amma Ingilishin ba mai tsauri ba ne, wanda ya yi shi a kwaleji zai iya bi, kuma tom na 1 nan ne farkon labarin da gaske.