Yadda za ki gane ko yaronki na shan isasshen ruwa a makaranta

Iyaye mata ku matso. Yaro ɗan shekara 4 zuwa 8 yana buƙatar kamar kofi 5 na abin sha a rana, wajen lita ɗaya da ɗan ɗori kenan, ɗan 9 zuwa 13 kuma kofi 7 zuwa 8. In ana zafi ko ya buga ƙwallo ya haɗa gumi to sai an ƙara.

Kar ki tsaya tambayarsa wai ka sha ruwa? Eh zai ce miki ko bai ɗiga ba. Ki samo gora mai rabin lita, ki cika da safe ki ja layi da alƙalamin maka a tsakiyarta, ki ce kafin a fita tara ruwan ya sauka kan layin nan, kafin a tashi kuma ya shanye. In ya dawo ki duba gorar da kanki, wani fa zubarwa yake a hanya, ko su yi wasan fesa wa juna.

Fitsari ne ba ya ƙarya. In ya yi fari-fari lafiya lau, in ya yi duhu ga wari ga yaro na kukan ciwon kai da kasala, mai yiwuwa ruwa ne bai kai ba.

Lemon gwangwani kuwa, guda ɗaya mai mililita 330 yana iya ɗaukar sukari gram 35, kusan ƙaramin cokali 9 fa! Ki bar shi sai jefi-jefi. Madara ba laifi tana shiga lissafi, amma lemon ƙara kuzarin nan mai sinadarin kafeyin, mai hana barci, sam ba na yara ba ne.