Yadda za ka gane su Marry da Zounds a wasan Shakespeare ba tare da ka ɗaura wa kowa aure ba

Duk shekara sai na ga masu karanta adabin Turanci don WAEC sun faɗa rami ɗaya, da sun ga kalmar Marry a farkon magana shikenan sai su rubuta wai ana zancen aure. Babu wani aure malam, rantsuwa ce.

Da farko duba inda kalmar ta zauna. In a bakin jimla take, da waƙafi a bayanta, kuma ka cire ta maganar ba ta rasa komai ba, to motsin rai ne. Kar ka buɗe ƙamus tukuna, ƙamus na waya ma shi ne zai fara ɓatar da kai.

Na biyu, nan nake so ka tsaya sosai: ka tambayi kanka ko rantsuwa ce aka datse. Marry daga sunan Nana Maryamu ta fito, amma a zamanin Shakespeare ta riga ta yi sanyi, kamar yadda wallahi ta koma walla a bakin wasu, ba wanda ke jin ya rantse. Sau da yawa ma'anarta bai wuce "ai kuwa" ba. Zounds kuma ba wasa, raunukan Ubangiji ake nufi, wato na Yesu a kan gicciye a aƙidar Kirista, 'Sblood kuma jininsa. In ka ga S da ɗan waƙafin sama a gaba a irin wannan rantsuwar, sunan Allah ne aka haɗiye. Wanda ya faɗi Zounds ransa ya ɓaci ne, ka duba Mercutio bayan an soke shi a Romeo and Juliet, da ita ya fara zagin wanda ya kashe shi. Ni dai doka ce a wajena: kada ka ba Marry da Zounds nauyi ɗaya, na taɓa yin haka a aji na mayar da hirar raha ta koma kamar faɗa, har yau ina jin kunya.

Na uku ka san bugun da ke hannunka. A 1606 majalisar Ingila ta kafa doka, duk ɗan wasan da ya ambaci sunan Allah da wasa a dandali tarar fam 10 ce, kuɗi ne mai yawa a lokacin. Shi ya sa Othello bugun 1622 Iago ya buɗe baki da 'Sblood, a babban kundin wasannin Shakespeare na 1623 kuwa an share ta. To in naka ya bambanta da na abokinka ba jabu aka sayar maka ba. Af, ka nemi mai bayani a ƙasan shafi ko da gwanjo ne, na kyauta a intanet yawanci tsirara suke.

Sauran kam da sauƙi, ka nemo musu 'yan uwa a Hausa kawai. Fie tir ce, Alas da Alack kash ko wayyo, Tush tsaki ne, Prithee don Allah mana. Sirrah kuma "kai yaro" ce, babba ke faɗa wa na ƙasa, in ka ga an jefa wa sa'a to raini ne. Sai ka karanta layin da ƙarfi da Hausar a ciki, in ya zauna a baki ka wuce na gaba.