Matakan Shirya Jiki Ga Mai Neman Zama Limamin Soja

Malamai matasa da dama a nan Sakkwato sun sha tambayata yadda za su shirya jikinsu kafin tantancewa, domin ilimin addini ba ya ɗauke wa limamin soja gudu da fareti. Ga yadda za a bi.

1. Ka fara da zuwa asibiti a auna maka hawan jini da bugun zuciya.

2. Ka sayi kambas daidai ƙafarka, kada ka yi gudu da silifas.

3. Ka ware lokaci bayan sallar asuba, kafin rana ta ɗaga.

4. Ka yi mako biyu kana tafiya da sauri ta minti 30 kowace safiya.

5. Daga mako na uku ka koma sassarfa, kana ƙara nisa kaɗan-kaɗan har ka iya kilomita 3 ba tsayawa.

Hattara: a nan ne akasarin mutane ke kuskure. Wanda ya shekara yana zaune a kan buzu yana ba da karatu, idan ya zabura da gudu rana ɗaya, gwiwa ko agara ce za ta kwantar da shi. A bazara kuwa, lokacin da zafin Sakkwato kan haura digiri 40, kada ka kuskura ka fita da hantsi.

6. Ka dafa ƙasa da tafin hannu, jiki a miƙe, ka ɗaga ƙirji sau goma.

7. Ka sha ruwa kafin ƙishi ya kama ka.

8. Ka huta ranar Juma'a, in kuma azumi ya kama, ka mayar da atisayen bayan tarawihi.